Sayar da gida a maƙwabtaka da kango

Wataƙila larura ta sa kana son sayar da gidanka. Ko aiki ya mai da kai wani gari, ko iyali sun ƙaru gidan ya yi muku kaɗan, ko kuwa gidan gado ne magada suna son kowa ya karɓi rabonsa. Ka yi yaɓe, ka yi fenti, ka share ƙofar gida. Dillali ya kawo mai saye. Mai saye ya duba ɗakuna ya yaba, sannan ya leƙa ta kan katanga. Sai ya ga gidan da ke jikin naka: rufi ya rufta, ciyawa ta kai ƙugu, leda da toka sun cika tsakar gida. Daga nan sai ya yi sallama bai sake dawowa ba, ko kuwa ya taya da kuɗin da ba su kai darajar gidan ba.

Wannan matsala sananniya ce a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, har da ƙananan garuruwa. Bayanin da ke biye zai nuna maka hanyar da za ka bi, mataki bayan mataki, domin ka sayar da gidanka da daraja ba tare da ka ɓata zumunci ko ka taka doka ba. Maganar ta shafi namiji da mace, duk wanda gida yake hannunsa.

Mi ake kira kango?

Kango shi ne gidan da mutane suka tashi daga cikinsa, babu mai kwana, babu mai gyara. Akwai kuma dangoginsa guda biyu. Na farko shi ne ginin da aka fara aka bari, katanga ta tashi amma ba a rufa ba. Na biyu shi ne filin da aka saya aka ajiye, ba gini ba shinge, har mutanen unguwa suka mai da shi juji.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne: kango yana da mai shi. Ko shekara ashirin ya yi a rufe, bai zama na kowa da kowa ba. Yawancin masu kango ba mugunta ta sa suka bar shi ba. Wani ya tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya ko Abijan ko Legas, bai samu halin dawowa ba. Wani ya rasu, magada ba su raba gado ba, kowane yana jiran ɗan'uwansa ya fara kashe kuɗi. Wani ma'aikaci ne aka yi masa canjin wurin aiki. Wani kuma kuɗin gini ne suka ƙare masa. Idan ka san dalilin, za ka san irin maganar da za ka je da ita.

Yadda kango ke rage darajar gidanka

Mai saye ba ƙyamar gani kaɗai yake yi ba. Yana lissafin abin da zai same shi bayan ya tare.

Na farko shi ne ruwa. Idan wuriyar kango ta toshe, ruwan sama yakan kwanta a tsakar gidan. Daga nan ya jiƙa gindin katangar da ta raba ku. Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa: ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, nauyin sama ya danne ta, katanga ta tsage ko ta kwanta. A daminar shekarar 2024 ruwa ya hallaka mutum fiye da 300 a Nijar, ya shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, kuma da yawa daga cikin mamatan gini ne ya faɗa musu. A watan Satumba na wannan shekarar tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe saboda ruwa. Masu sayen gida ba su manta da wannan ba.

Na biyu shi ne sauro. Tsohuwar randa, gwangwani, tsohuwar tayar mota da ramin da aka ɗebi ƙasa duk suna riƙe ruwa. A lokacin zafi, ƙwan sauro yakan zama sauro mai tashi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kango ɗaya ya isa ya wadata gidaje da yawa da masassarar cizon sauro.

Na uku shi ne ƙwari da miyagun dabbobi. Ɓera da gafiya suna son juji, maciji kuma yana bin ɓera. Kunama tana ɓuya ƙarƙashin rusasshen tubali. Gara tana bi ta ƙarƙashin ƙasa, ba ruwanta da iyaka, ta hau katako da ƙofofi da rufin gidanka.

Na huɗu shi ne wuta. Busasshiyar ciyawa a lokacin hunturu guntun taba ɗaya take jira.

Na biyar shi ne mutane. Kango yakan zama makewayin masu wucewa, ko maɓuyar ɓarayi da masu shaye-shaye. Tsohuwar rijiya ko salgar da bakinta ya rufta kuma tarko ce ga yara.

Ka fara da duba gidanka

Kafin ka kai ƙarar kowa, ka san abin da kangon ya riga ya yi maka. Ka kira maginin da ka amince da shi, ku zagaya katangar tare. Ku dubi waɗannan abubuwa:

Gindin katanga: akwai alamar danshi? Yaɓe yana zubowa? Akwai farin gari kamar gishiri a jiki?

Tsaga: idan akwai, ka liƙe wani ɗan wuri a kanta da siminti marar kauri, ka rubuta kwanan wata a gefe. Idan simintin ya tsage bayan mako biyu ko uku, katangar tana motsi, gyaranta ba na jira ba ne.

Gara: ka nemi siraran hanyoyin ƙasa da take ginawa a jikin bango. Ka ƙwanƙwasa katako, wanda ta cinye cikinsa yakan yi ƙara kamar ganga.

Ruwa: indararon kangon ina yake zuba? Idan an yi ruwan sama, ina ruwan tsakar gidansa yake bi?

Itatuwa: rassa sun rufe rufinka? Saiwa ta shigo ƙarƙashin gininka?

Ka ɗauki hoto da wayarka daga cikin gidanka ko daga kan titi. Ka rubuta abin da kuka gani a takarda, da ranar da kuka gani. Wannan takarda za ta yi maka amfani wurin mai kango, wurin mai unguwa, har wurin mai shari'a in ta kai ga haka.

Neman mai kango

Ka tambayi tsofaffin unguwa da limamin masallacinku. Ka tambayi mai unguwa, domin da wuya a sayi gida ko a yi rasuwa a unguwa bai sani ba. Idan ba a dace ba, ka je ma'aikatar magajin gari, wato meri, sashen da ke kula da filaye. Ka tafi da lambar filinka da lambar rukunin da yake ciki, waɗanda ke rubuce a takardar gidanka. Da su ne za a gane filin da ke jikin naka. A ƙauye kuwa mai gari za ka samu, tare da hukumar kula da filaye da ake kira Kofo, wadda aka kafa bisa dokar tsarin karkara ta shekarar 1993.

Idan mai gidan ya rasu, ka nemi wakilin magada. Kada ka tsaya ga magaji ɗaya da ka ci karo da shi a hanya. Gidan da ba a raba ba na dukan magada ne, maza da mata, har da marayu ƙanana. Iznin mutum ɗaya zai iya jawo maka fushin sauran.

Idan mai gidan yana ƙasar waje, ka nemi lambarsa wurin danginsa. Ka aika masa hotunan, ka bi da saƙon murya. Sau da yawa mutumin da ya yi shekaru bai zo gida ba bai san yadda gidansa ya koma ba.

Yadda za ka yi magana da shi

Ka je da kanka, tare da dattijo ɗaya da ku biyun kuke ganin girmansa. Kada ka aiki yaro. Kada ka yi maganar a gaban taro, domin wanda aka kunyata ba ya jin shawara. Bayan gaisuwa, kana iya cewa:

"Alhaji, na zo ne a kan maganar gidanka da ke jikin nawa. Ruwan bara ya kwanta a ciki, ya ci gindin katangar da ke tsakaninmu. Ina tsoron kada ta faɗa wa yara, kuma ina tsoron kada ɗakunanka da suka rage su bi. Ni kuma larura ta sa ina shirin sayar da nawa. Shi ne na ce bari in zo mu yi shawara."

Ka lura: ba ka zarge shi ba, ba ka ɓoye niyyarka ba, kuma ka nuna masa cewa shi ma dukiyarsa ce take lalacewa. Sannan ka roƙi abu ƙayyadadde. Kada ka ce "ka gyara gidanka", domin wannan magana ce mai nauyi ga wanda ba shi da kuɗi. Ka ce a nome ciyawa, a kwashe juji, a buɗe wuriya, a rufe bakin rijiya, a sa ƙofa da kwaɗo. Ku sa rana.

Akwai hanyoyi da yawa da za ku iya daidaitawa a kai. Ya yi aikin da kuɗinsa. Ku raba kuɗin. Ya ba ka izni ka yi da kuɗinka. Ya sa wani mai buƙata ya zauna a ɗakin da ya rage yana tsaron gidan. Ko kuma, in shi ma ya gaji da gidan, ku sa gidajen biyu a kasuwa tare, domin akwai masu neman wuri mai faɗi da za su biya fiye da abin da kowannenku zai samu shi kaɗai.

Ka karɓi izni a rubuce

Idan ya yarda ka shiga, kada ka tsaya ga yardar baki. Mutum yana mantuwa, yana kuma mutuwa, magadansa ba su ji abin da kuka yi ba. Takarda gajera ta isa. Ga misali:

"Ni, wane ɗan wane, mai gidan da ke unguwa kaza, na ba maƙwabcina wane izni ya shiga gidana ya nome ciyawa, ya kwashe shara, ya buɗe hanyar ruwa. Ban ba shi izni ya rushe gini ko ya sare itace ko ya ɗauki wani kaya ba. Wannan aiki bai ba shi haƙƙin komi a cikin gidan ba. An rubuta ranar kaza ga watan kaza."

Ku sa hannu ko ku dangwala yatsa, shaidu biyu su sa nasu, mai unguwa ya gani. Kowa ya riƙe kofi ɗaya. Idan kun yi da shi zai biya ka daga baya, a rubuta adadin kuɗin da ranar biya. Idan yana nesa, ya faɗi iznin a saƙon murya, ka ajiye saƙon, wani ɗan'uwansa kuma ya tsaya a wurin ranar aikin.

Ranar aiki a fara da safe. Ma'aikata su sa dogon takalmin roba, su juya tubali da shebur, kada su sa hannu cikin rami. Wanda maciji ya sara a kai shi likita nan take, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurin da zai hana jini gudu. Kada a ƙone ciyawa da leda a cikin kangon. A loda su a amalanke a kai jujin da hukuma ta keɓe.

Lissafin da zai taimake ka

Mutane da yawa sukan ce: "Don mi zan kashe kuɗina a gidan wani?" Bari mu yi lissafi. Waɗannan lambobi misali ne kawai, kai ka sa farashin garinku.

A ce gidanka ya kai miliyan 8 na sefa. Saboda kangon, mai saye ya taya miliyan 7. Hasararka miliyan 1 ke nan, wato jika 1000.

A ce kuma ka ɗauki lebura 4, kwana 2, kowane jika 3 a yini: jika 24. Amalanke sawu 6, kowane sawu jika 2: jika 12. Magini da siminti na gyaran gindin katanga: jika 60. Jimla jika 96.

Ka kwatanta jika 96 da jika 1000. Ko da gyaran bai mai do maka da dukan miliyan ɗin ba, ribar tana wajenka. Wani lokaci gaskiya tana hannunka, amma jiran a ba ka ita ya fi biyan kuɗin tsada.

Idan ya ƙi, ko ba a same shi ba

Mataki na farko shi ne mai unguwa. Dokar shekarar 2015 da ta tsara matsayin sarakunan gargajiya ta ba su ikon sasanta mutane, daga mai unguwa da mai gari har zuwa sarki. Ka kai masa takardarka da hotunanka. Ya fi kyau ku je ku uku ko huɗu daga cikin maƙwabtan da kangon ya dama, domin a gane ba gaba ce tsakaninka da mutum ɗaya ba. Ka roƙa a rubuta sakamakon zaman, ko an sasanta ko ba a sasanta ba. Wannan takarda ita za ka riƙe in magana ta yi gaba.

Mataki na biyu shi ne meri. Tsabtar gari da kare mutane daga ginin da ke shirin faɗuwa aikinta ne. Nijar ta kafa dokar tsabtar jama'a a shekarar 1993, kuma akwai ma'aikatan duba tsabta da ke da ikon zuwa su gani, su gargaɗi mai wuri, su ci tara. Ka rubuta kokenka kofi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe. Idan shiru ya yi yawa, ka koma da kofinka ka tuna musu. Game da filin da ba a gina ba, ka sani cewa takardar da hukuma ke ba wanda ta sayar wa fili takan ɗauki sharaɗin ya raya shi cikin wani wa'adi. Hukuma ce kaɗai ke da ikon bin wannan sharaɗi, ba maƙwabci ba.

Mataki na uku shi ne gidan shari'a. Kafin ka je, kana iya ɗaukar ma'aikacin shari'a da ake kira wisiye, ya zo ya gani da idonsa ya rubuta. Rubutunsa yana da ƙarfi gaban mai shari'a, amma biya ake yi. Shari'a tana cin kuɗi da lokaci, kuma mai saye yana gudun gidan da ke da rigima. Saboda haka kada ka fara da ita. Ka ajiye ta ga ɓarna babba, kamar katangar da ta faɗa ta rushe maka ɗaki.

Abin da doka ta ce tsakanin maƙwabta

Kundin dokokin zaman jama'a na Nijar ya yi magana a kan waɗannan abubuwa. Ga ma'anarsu a taƙaice.

Mai gini shi ke ɗaukar alhakin ɓarnar da rushewar gininsa ta jawo, idan rashin gyara ko mugun gini ne sanadi. Wannan yana cikin aya ta 1386.

Katangar da ta zama ta ku biyu, gyaranta a kanku ku biyu yake. Aya ta 655 ke nan. Amma ka fara tabbatar da ko ta tarayya ce ko ta mutum ɗaya ce. Tsofaffin unguwa sukan san wanda ya gina ta.

Ba a yarda mutum ya juya indararonsa ya zuba a gidan maƙwabci ba. Ruwan rufi a gidan mai shi zai zuba ko a kan titi. Aya ta 681 ke nan.

Kowane maƙwabci yana iya neman a auna iyaka a kafa turaku, kuɗin aikin kuma a raba. Aya ta 646 ke nan.

Idan rassan itacen maƙwabci sun shigo gidanka, kana da haƙƙin neman ya sare su. Ba kai za ka hau ka sare ba sai da izninsa.

Ka sani kuma, wurin da ba shi da takardar mallaka ta hukuma sau da yawa da al'adar mutanen wurin ake yi masa hukunci. Shi ya sa zama gaban mai unguwa yake da muhimmanci.

Abubuwan da ba za ka yi ba

Kada ka haura katanga ko ka fasa kwaɗo ka shiga ba izni, ko da niyyarka alheri ce. Kada ka rushe ɗaki don ya kusa faɗuwa. Kada ka ɗauki tubali ko kwano ko azara ko ƙofa, ko da suna yashe a ƙasa. Kada ka sa wuta. Kada ka zuba maganin ɓera a wurin da yara da awaki da kaji suke shiga. Kada ka matsar da turken iyaka ko da taki ɗaya. Kada ka ce wa mai saye "kangon ma na sayarwa ne" alhali mai shi bai faɗa ba. Duk wanda ya aikata ɗaya daga cikin waɗannan, ya je da ƙara ya dawo shi ake ƙara.

Kuma ka dubi gidanka: ko sharar da ke cikin kangon da ta iyalinka a ciki? In haka ne, daga nan gyara zai fara.

Abin da za ka iya yi a ɓangarenka

Ko mai kango bai motsa ba, akwai aikin da ba ya buƙatar iznin kowa. Ka gyara gindin katanga ta wajenka. Ka zuba ƙasa ka daddaɓe ta da gangare domin ruwa ya guje wa gini. Ka buɗe wuriyarka da magudanar ƙofar gida. Ka toshe ramukan ɓera da siminti. Ka canza katakon da gara ta ci, ka sa wa sauran magani. Ka sa raga a tagogi. Ka sa fitila mai aiki da hasken rana a gefen da ke duban kangon. Idan katangar taka ce kai kaɗai kuma gininta yana da ƙarfi, kana iya ƙara mata tsawo. Ka nemi maƙwabta ku yi gayya ku share titin da ke gaban kangon, domin titi na kowa ne.

Ka faɗa wa mai saye gaskiya

A nan ne mutane da yawa suke zamewa. Dillali zai iya ce maka a kawo mai saye da magariba, ko a shafe tsaga da fenti a yi shiru. Kada ka yarda. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai saye zai tambayi maƙwabta, in ma bai tambaya ba damina za ta faɗa masa.

Doka ta bambanta aibin da ke fili da aibin da ke ɓoye. Kangon kansa a fili yake, kowa yana gani. Amma danshin da ka rufe da sabon yaɓe, ko garar da ke cikin rufi, aibi ne ɓoyayye. Aya ta 1641 da waɗanda ke bin ta sun ba mai saye dama ya mai da gida ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe gidan a rage masa kuɗi. Idan kuma an tabbatar ka san aibin ka yi shiru, har diyya za ka biya. Addini ma ya hana ɓoye aibin kaya a ciniki.

Gaskiya kuma tana taimakon ciniki. Ka nuna masa kangon da kanka da rana tsaka. Ka ce: "Malam, ga abin da ke jikin gidan. Mai shi wane ne, ga inda yake. Ga takardar iznin da ya ba ni, ga gyaran da na yi, ga takardar mai unguwa." Abin da ke tsorata mai saye shi ne abin da bai san kansa ba. Idan ya san mai kangon, ya ga an fara gyara, ragin da zai nema ba zai kai na wanda ya gano abin da kansa ba. A takardar ciniki a rubuta cewa an nuna masa halin katangar da kangon kuma ya yarda.

Lokaci da takardu

Idan ba gaggawa kake yi ba, ka yi aikin share kango bayan damina ta ɗauke, a watan Oktoba ko Nuwamba, kafin ciyawa ta bushe ta zama abincin wuta. Gyaran katanga da buɗe hanyar ruwa kuwa a gama su kafin watan Yuni. Gidan da ya ƙetare damina katangarsa a bushe ya riga ya ba da shaidar kansa.

Ka shirya takardun gidanka kafin ka kira dillali: takardar sayen fili daga hukuma, ko takardar mallaka, wadda tun shekarar 2006 aka sauƙaƙa hanyar samun irinta mai suna Sheda. Idan gidan gado ne, a samu yardar dukan magada a rubuce. Ka duba turakun iyaka ta gefen kangon, domin a nan suka fi ɓacewa cikin juji. In babu su, a kira mai awon fili na hukuma, a sanar da mai kangon ko wakilinsa ranar awo. Ku yi maganar la'adar dillali tun farko. Kada ka karɓi kafin alƙalami sai an rubuta abin da zai faru in ɗayanku ya fasa. A yi cinikin gaban shaidu, a rubuta shi wurin noter ko hukumar da ta dace, a canza suna a takarda.

Kalma ta ƙarshe

Mai kangon nan maƙwabcinka ne jiya, kuma zai zama maƙwabcin wanda ka sayar wa gobe. Idan ka bar musu rigima, sunanka za a riƙa kira a unguwar bayan ka tashi. Saboda haka ka bi abin daki-daki: ka duba gidanka, ka nemi mai kango, ka yi masa magana mai daɗi, ka karɓi izni a rubuce, in ya ƙi ka je wurin mai unguwa, sannan meri. Kai kuma, in wata rana tafiya ta kama ka, kada ka rufe gidanka ka tafi haka nan. Ka bar makulli da lambar wayarka wurin wanda ka amince da shi, ka bar masa kuɗin yaɓe da na noman ciyawa kafin kowace damina.